Yatsu Huɗu a Zauren Mai Unguwa

Akwai wata unguwa a bayan masana'antun Kano. Ba zan ce ta Sharaɗa ce ko ta Challawa ko ta Bompai ba, domin duk wadda na ambata, mutanen sauran biyun za su ce labarinsu na sace. A unguwar akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Inna. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma autanta ne ke ɗauke da rabin cefanen gidan.

Auta yana aikin dare a wani kamfanin roba, inda ake niƙa tsofaffin bokitai da jarkoki a narka su a fitar da sababbi. Na ce yana aiki a kamfanin, amma in ka tambayi kamfanin zai ce bai san shi ba. Wani ɗan kwangila ne ke tara samari a bakin get da yamma, ya ƙirga kawuna, ya tura su ciki, ranar Asabar ya biya su a hannu. Babu takardar ɗaukar aiki, babu katin shaida, sai littafin mai gadi da ake rubuta sunan duk wanda ya shiga. Daga shida na yamma zuwa shida na safe, shekara biyu cur, Auta na tsaye a bakin injin da ke daddatsa roba.

Injin ya zo da murfinsa daga inda aka ƙera shi, don kada hannu ya kai ga wuƙaƙen. Sai dai murfin yana hana manyan jarkoki shiga, sai an tsaya an fasa su tukuna, tsayawar kuwa tana rage buhunan da ake cikawa kafin asuba. Sai aka kwance shi aka jingine a bayan sito. Dokar masana'antu ta ƙasar nan, wadda ke aiki tun 1987, ta wajabta a killace duk wani sashe na inji mai haɗari. Dokar tana cikin littafi, murfin yana bayan sito, aiki yana tafiya.

Wani dare wajen ƙarfe uku wata jarka ta maƙale. Auta ya danna ta kamar yadda ya saba danna ɗaruruwan irinta, ta zarce da hannunsa. Makunnin injin yana can nesa jikin bango. Abokin aikinsa, wani dogon yaro, bai tsaya nemansa ba, ya suri rodi ya cusa a cikin wuƙaƙen. Injin ya yi ƙara, ya yi hayaƙi, ya mutu. A adaidaita sahu aka fita da Auta, daga wani asibiti aka tura su Asibitin Ƙashi na Dala. Da aka fito da shi daga ɗakin tiyata, babban yatsa kaɗai ya rage a hannunsa na dama.

Kada a ce kamfanin bai tashi tsaye ba. Ya tashi. Kafin azahar injiniya ya iso, an ɗauki hoton injin ta gaba da ta baya, an rubuta rahoto mai rana da sa'a da sa hannu, an aika wa kamfanin inshora, domin injin yana da inshora. Dogon yaron nan da ya cusa rodi aka sallame shi, aka riƙe kuɗinsa na makon, saboda ya lalata kayan kamfani.

Bayan kwana goma aka kira zama a zauren mai unguwa. Ga mai unguwa a kan kujerarsa, ga limamin unguwa a kan buzu, ga Kawu, yayan Inna, wanda shi ne babba a dangi, ga kuma manajan kamfani da ambulan da takarda mai shafi ɗaya. Auta yana gefen tabarma, hannu a rataye a wuya. Inna ba a kira ta ba, zama ne na maza. Ta dai shiga cikin gida wajen matan mai unguwa ta zauna kusa da ƙofar da ke fita zauren.

Manaja ya fara da gaisuwa mai tsawo. "Ranka ya daɗe, Yallaɓai ya ce in miƙa gaisuwa. Wallahi abin nan ya taɓa shi. A ƙa'ida yaron ba ma'aikacinmu ba ne, na ɗan kwangila ne. Amma Yallaɓai mutum ne mai tausayi, ya ce maƙwabtaka ta wuce ƙa'ida. Kuɗin asibiti ya ɗauka. Ga kuma wannan, naira 200,000, a ja jari."

Mai unguwa ya ce, "Madalla. Irin waɗannan masu kuɗin muke so a ƙasa."

Liman ya gyara zama ya yi nasiha a kan ƙaddara. Ya ce abin da ya samu bawa ba zai taɓa kuskure masa ba, ya ce haƙuri ladansa ba iyaka, ya ce wani hannun gaba ɗaya ya rasa, wani ran ma. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Abin da bai faɗa ba shi ne abin da yake karantarwa a wannan unguwar tsakanin magariba da lisha, in an zo babin jini a Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani: diyyar rai raƙumi ɗari ce, hannu ɗaya rabin diyya, kowane yatsa raƙumi goma. Ko diyya ta hau kan mai inji ko ba ta hau ba, wannan hukuncin alƙali ne. Amma wanda ya san shari'a ta yi wa yatsu huɗu kuɗin raƙumi arba'in, ya kuma ga ana sallama su a kan abin da bai kai kuɗin raƙumi guda ba, ai ko gyaran murya ya yi. Malaman da suka rubuta babin sun fi mu imani da ƙaddara, kuma imanin bai hana su zama su ƙirga yatsu da haƙora ba.

Auta ya ɗaga kai. "Allah gafarta Malam, na yarda da ƙaddara. Amma da wane hannun zan yi aiki?"

Kawu ne ya amsa, ba Malam ba. "Kai, ana magana da manya kana sa baki? Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wa gare ka? Ka je kotu da mutumin da lauyoyinsa suka fi 'yan gidanku yawa? Shari'ar ta kai shekara goma, ka sayar da gidan uwarka, ka fito ba ga tsuntsu ba ga tarko. Ga alheri ya zo har gida."

"Maganar aiki kuma," in ji manaja, "in ya warke za a duba masa gadi."

Takardar da Turanci take. Manaja ya ce ba komai ba ce, shaidar karɓar kuɗi ce. Aka kama hannun hagu na Auta aka dangwala babban yatsansa a tawada, aka dangwala a takarda. Mai unguwa ya sa hannu, Liman ya sa, Kawu ya sa. Aka shafa fatiha, aka raba goro.

Da dare Kawu ya kawo wa Inna ambulan. Ta ƙirga a gabansa, ta sake ƙirgawa: 150,000. Ta dube shi. Ya ce ai ta san zama irin wannan ba a tashi haka nan, akwai na goro, akwai na mota, akwai waɗanda suka yi ɗawainiya. Ta ce, "To, Yaya, an gode." Ta naɗe kuɗin da ambulan ɗin a tsumma, ta sa a ƙasan kwalla, ko sisi ba ta taɓa ba. Ba don ta san wata doka ba. Zuciyarta ce kawai ta ƙi cin kuɗin.

Bayan mako biyu aka ji babban ɗan Kawu ya samu aiki a kamfanin, aikin dare. Gurbi ne ya samu, manaja kuma ya ce gara a ba ɗan gida. Kawu ya yi ta godiya har a masallaci.

Watanni suka shuɗe. Maganar gadi ta zama gobe, jibi, Yallaɓai ya yi tafiya, daga baya mai gadin get ya ce an hana shi barin Auta ya shiga. Kuɗin asibiti da aka ce an ɗauka ashe na tiyatar farko ne, wankin ciwo da magani sun koma kan ƙuli-ƙuli. Duk sanda Inna ta ta da maganar, sai a ce mata a bari yaro ya warke tukuna, gaggawa aikin shaiɗan ce. A kan bencin jiran likita ne, a wata na takwas, wata mata da mijinta ya faɗo daga bene a wajen gini ta tambaye ta ko sun je wajen lauyoyin gwamnati. Inna ta ce ina ta ga kuɗin lauya. Matar ta ce waɗannan ba a biyan su.

Hukumar agajin shari'a ce take nufi, wadda aka kafa tun 1976 don tsaya wa wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya, tana kuma da ofisoshi a jihohi. Yawancin mutane sun ɗauka aikinta fitar da waɗanda ke tsare a gidan yari ne kawai. Amma dokarta ta 2011 ta ambaci neman diyyar haɗari da diyyar rauni a wurin aiki ƙarara, ga duk wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. A bencin ofishin Inna ta tarar da wata matar da tifa ta take wa miji ƙafa. A ranar ce matar ta fara jin cewa takardar inshorar nan da direbobi ke nuna wa 'yan sanda a hanya, wadda masu ƙananan motoci ke biyan 15,000 a kanta tun 2023, asalinta don wanda aka buge aka yi ta.

Lauyar da ta karɓe su yarinya ce 'yar bautar ƙasa, ba ta fi sa'ar Auta ba. Inna har ta so ta juya. Yarinyar ta karanta takardar zauren sau biyu, ta ajiye.

"Inna, an karanta muku abin da ke ciki?"

"An ce shaidar karɓar kuɗi ce, 'yar nan."

"Rabinta ke nan. Ɗaya rabin cewa yake ya yafe duk wani haƙƙi har abada, kuma ganganci ne nasa."

Auta ya sunkuyar da kai. "Shi ke nan, Barista, tunda na dangwala."

Ta ce masa ba shi ke nan ba ne. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1987, ta hango irin wannan zaman tun kafin a yi shi. Ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai aiki a kan ya bar diyyarsa ɓatacciya ce, kuma an hana mai aiki ya yi amfani da barazana ko alkawari ko rarrashi don hana ma'aikaci kai rahoto. Ya ce ai an ce shi ba ma'aikaci ba ne, ɗan wucin gadi ne. Ta ce dokar ta lissafa na dindindin da na wucin gadi da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki ba da takarda ba, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Kowane mai ɗaukar ma'aikata ana so ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, daga aljihunsa, ba daga albashin ma'aikaci ba. Daga asusun ake biyan wanda ya ji rauni, ba sai ya tabbatar da laifin kowa ba. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya yana da kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, wanda ya rasa wani sashe kuma ana auna abin da raunin ya rage masa na nema. Magani da gaɓar roba da koyon wata sana'a duk suna cikin abin da hukumar ke iya ɗauka. Ko a hanyar zuwa aiki ko ta komawa gida mutum ya yi haɗari, dokar ba ta bar shi ba.

Sannan ta tambayi ranar da abin ya faru, ta ƙirga da yatsu, fuskarta ta canza. Ma'aikaci ko iyalinsa suna da kwana 14 su sanar da mai aiki. Mai aiki yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukuma. Takardar neman diyya kuma cikin shekara ɗaya ake shigar da ita, sai da wani uzuri na musamman ake ƙara wa mutum zuwa shekara uku.

"Wa ya ce ku jira har yanzu?"

Inna ta ce, "Manya."

Ban ce masu cewa a bari yaro ya warke sun san da wannan lissafin ba. Wataƙila ba su sani ba. Amma akwai mutum ɗaya a zauren da ya san takarda tana da wa'adi, tunda ta inji bai bari ta kwana ba.

Da aka bincika sai aka tarar babu rahoton da aka kai, sunan Auta kuma ba ya cikin waɗanda ake zuba wa kuɗi. Aka rubuta wa kamfani, ya amsa cewa bai san wani mai wannan sunan ba, kuma babu haɗarin da ya faru a daren da ake magana. Daga nan aka nufi Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin duk wata rigimar aiki, tana kuma zama a Kano. Lauyar ta ce a tattaro mata katin asibiti, da rasit na kowane magani, da rahoton likita, da sunan duk wanda ya ga abin. Dogon yaron nan yana tura ruwa a kura yanzu, an same shi, kuma shi ya ba da labarin mutanen da suka zo ɗaukar hoton inji. Aka nemi kotu ta sa a kawo rahoton injiniya da littafin mai gadi. Rahoton da aka rubuta don a biya kuɗin wuƙaƙe shi ya faɗi rana, ya faɗi sa'a, hotunan kuma suka nuna bakin inji a buɗe ba murfi. Takardar zaure ita ma ta yi aikin da ba a rubuta ta dominsa ba: ga sa hannun manaja a ƙarƙashin maganar raunin da kamfani ya ce bai faru ba, ga shaidu uku.

Ranar da aka ji shaidun uku za a iya kiran su kotu, unguwa ta ɗauka. Mai unguwa ya aiko a gaya wa Inna ta zubar masa da mutunci, abin da aka kashe a zaurensa ta je ta tono. Liman ya ce shi fatiha kawai ya yi, bai san abin da takardar ta ƙunsa ba, wanda kuwa gaskiya ne, sai dai ya sa hannu. Wasu suka ce ta hana 'ya'yan unguwa samun aiki, wasu suka ce mace ce ta fi ƙarfin dangi. Kawu ya zo da kansa, bai ko zauna ba.

"Ni za ki tsayar gaban alƙali? Ni da na riƙe ku tun rasuwar mijinki?"

"Yaya, ni ban kai ka ko'ina ba. Hannunka ne a takardar. In an tambaye ka nawa aka bayar, sai ka faɗa. In an tambaye ni nawa na karɓa, yana nan a kwalla yadda ka kawo shi."

Washegari bayan lisha matar Kawu ta shigo da naira 50,000 a ƙulle a gefen zane, ta ce wata ajiya ce da aka manta. Inna ta karɓa ta haɗa da 'yan uwansu.

Shari'ar ba ta yi sauri ba, Kawu bai yi ƙarya a nan ba. An ɗage, an sake ɗagewa, 'yar bautar ƙasa ta gama shekararta ta miƙa fayil ga wani lauya a ofishin, Inna ta ƙarar da kuɗin mota ba kaɗan ba. Amma ba a sayar da gida ba, ba a kuma kai shekara goma ba. Da lauyoyin kamfani suka ga takardun da ke gaban kotu, su da kansu suka nemi a sasanta. Wato dai sulhu aka koma, abin da zaure ya ce yana yi tun farko. Bambancin shi ne wannan karon an fassara wa Auta kowane layi da Hausa, likita ya auna abin da hannun ya rasa, akwai wanda ke zaune a ɓangarensa ya san abin da doka ta ba shi kafin a ce ya bar wani abu, alƙali kuma ya mayar da yarjejeniyar hukunci, yadda ba za ta zama gobe da jibi ba. Nawa aka biya, Inna ta hana a faɗa, ta san unguwarsu. An dai ga Auta ya buɗe shagon cajin waya da sayar da kati a bakin titi, yana koyon rubutu da hagu.

Mai unguwa yanzu in ana hira yakan ce ai shi ya fara haɗa su da kamfanin. Liman ya kai babin jini a karatun bana, wani ɗalibi ya yi tambaya a kan wanda inji ya cinye wa yatsu a wurin aiki, Malam ya ce mas'ala ce mai faɗi, sai an yi bincike.

Kawu ya yi wata uku ba ya bin layin shagon. Ran nan da magariba, lokacin da samari ke wucewa zuwa bakin get, ya tsaya ya miƙa wayarsa a sa masa caji, ko da yake akwai wuta a gidansa. Ya tambayi kasuwa, ya tambayi jikin Inna, ya yi shiru, ya sake tambayar kasuwa.

"Wai ni Auta, murfin nan da ake ta magana a kotu, an mayar da shi jikin injin kuwa?"

"Ban sani ba, Kawu. Tun ranar ba a bar ni na shiga ba. Ka tambayi Yaya, babban ɗanka, ai shi ke kansa yanzu."

"Na tambaye shi. Ya ce shi bai taɓa ganin wani murfi ba."

Ya karɓi wayarsa ko minti biyar ba ta yi a caji ba, ya biya kuɗin, ya ce a kwatanta masa inda ofishin lauyoyin nan yake, wani abokinsa ne ke tambaya.